Babi na Shida: Idan Mota Ta Fara Kuka Ta Baya

Motocin da ke ɗauke da nauyin jama'a da kayansu a ƙasar nan, yawancinsu tayoyin baya ne ke tura su. Hiace ɗin da ke lodi a tashar Unguwa Uku a Kano, da Hilux ɗin da ke shiga ƙauyuka ranar kasuwa, da akori-kura, da tsohuwar Fijo 504 da har yau ba ta gama barin hanya ba, duk tsarinsu ɗaya: injin yana gaba, aikin yana baya. Kafin ƙarfin injin ya isa ƙasa sai ya ratsa giyabos, ya bi doguwar farfelar da ke ƙarƙashin mota, ya shiga ƙoƙon aksil, a can a karkata shi hagu da dama, sannan ya bi shaf biyu zuwa tayoyi. A wannan tafiya akwai boris kusan goma, da gaɓoɓi, da haƙoran ƙarfe masu cizon juna sau dubbai a minti ɗaya. Kowannensu yana cinyewa. Abin godiya shi ne da wuya ɗayansu ya mutu bai yi gargaɗi ba. Yakan yi makonni, wani lokaci watanni, yana kuka kafin ya watse.

Matsalar tana farawa ne daga yadda ake kai ƙorafin. Direba ya shigo gareji ya ce, “Oga, tana ƙara ta baya.” Bakanike ya leƙa ƙasa, ya girgiza taya, ya ce a sayo boris. A sa boris, ƙara tana nan. A ce kuros ne, a canza, tana nan. Kafin a kai ga ainihin abin, kuɗin sati biyu ya tafi a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma mai mota ya fara zargin direba da bakanike da haɗa baki. Sau da yawa babu wanda ya ci amana. Jikin mota ƙarfe ne, ƙarfe kuwa yana kai sauti nesa da inda aka haife shi. Ƙarar da ta taso daga tayar baya ta dama tana iya fitowa ta ƙarƙashin kujerar direba, ta giyabos kuma tana iya bin farfela ta bayyana a baya. Wanda ya dogara da inda kunnensa ya nuna masa, zai yi ta canza lafiyayyun kaya.

Abin da ke tona asirin ƙara shi ne abin da ke sauya ta. Tana ƙaruwa da gudun mota ko da gudun inji? Tana zuwa idan an taka totur ko idan an ɗaga ƙafa? Kwana tana ƙara ta ko tana kashe ta? Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun wanda ke wuni a kan sitiyari, don haka rabin binciken aikin direba ne, tun kafin a kwance noti ko ɗaya.

Amma tukuna, mutum ya san motarsa. Golf, da Sharan, da Vectra, da galibin Corolla da Camry, tayoyin gaba ne ke jan su. Ba su da farfela, ba su da ƙoƙon aksil a baya. Mai irin wannan mota idan ya ji gurnani ta baya, bincikensa gajere ne: taya, ko boris, ko birki, ko shokozoba da bushin ɗinta, ko salansa da ke bugun jiki. Sauran babin nan na masu farfela ne.

Akwai ɗan lissafi da ke sauƙaƙa komai. A cikin ƙoƙon aksil, ƙaramin giyan da ke bakin farfela, wato finiyon, shi ke juya babban faifai mai haƙora da ake kira kirawul. A irin waɗannan motoci finiyon yana juyawa kamar sau huɗu kafin kirawul ya zagaya sau ɗaya. Tayar Hiace tana cin kusan mita 2 a kowane juyi, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa wajen sau 800 a minti, farfela kuma tana yin sama da 3,000. Duk abin da ke gefen farfela yana gudu da sauri, ƙararsa siririya ce mai tsini, girgizarsa kuma ƙanana ce mai sa madubi rawa. Duk abin da ke gefen taya yana tafiya a hankali, muryarsa kauri gare ta, bugunsa kuma ana iya ƙirga shi. Wanda ya riƙe wannan ya riga ya raba masu laifi gida biyu.

Gwajin hanya yana son kwalta mai kyau wadda babu cunkoso, da mota wadda ta yi tafiyar minti ashirin don man aksil ya ɗauki zafi, domin mai mai sanyi yana da kauri, yana rufe ƙara. A kashe rediyo, a rufe gilasai, a fitar da jak da sufana da duk wani ƙarfe da ke yawo a but. Mutum na biyu ya zauna a kujerar baya. Sai a hau har gudun da ƙarar ta fi fitowa, a duba maleji a riƙe lambar. Daga nan a canza giya, a tsaya a kan wannan gudun. Idan muryar ta canza, tana bin inji ko giyabos ne, ba ta baya ba ce. Idan tana nan yadda take, sai a mayar da giya firi na ɗan lokaci, injin na aiki, a bar motar ta gangara da kanta. Kada a kashe inji a wannan gwaji, don birki da sitiyari suna dogara da shi. Ƙarar da ta ci gaba a firi ba tare da ta damu da totur ba, ta taya ce ko ta boris. Wadda ta ɓace da zarar an sauke wa haƙora nauyi, ta haƙora ce.

Taya ita ce ta farko da ya kamata a tuhuma, don ita ce mafi arahar bincike, kuma ita ta fi yaudara. Tayar da shokozoba ta mutu a kanta takan cinye tudu da kwari, kuma gurnaninta bai da bambanci da na boris a kunnen wanda bai saba ba. Shafa tafin hannu a kanta yana nuna haka nan take. Ƙarar taya tana sauyawa idan an sauka daga sabuwar kwalta zuwa tsohuwa, ta boris da ta haƙora kuwa babu ruwansu da irin hanyar. Idan har yanzu akwai shakka, mai faci ya mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya. Ƙarar da ta bi taya zuwa gaba ta gama bayanin kanta.

Boris ɗin taya yana farawa da ɗan gurnani a gudun kilomita 40 ko 50, yana ƙaruwa da gudu, har ya zama rugugi mai cika mota. Alamarsa ita ce yana jin nauyi. A hanyar da babu kowa, idan aka karkata sitiyari hagu a hankali, nauyin mota yana komawa dama; ƙarar ta ƙaru, to boris ɗin dama ne, ta lafa, a duba na hagu. Ba kullum wannan gwaji ke faɗin gaskiya ba, don haka bayan tafiya a kai hannu kusa da tsakiyar kowace taya a kwatanta zafinsu. Wannan ƙara ce da ba na son a yi mata jinkiri ko kaɗan. A Hiace da Hilux da ire-irensu, boris guda ne a bakin shaf yake ɗauke da nauyin wannan ɓangaren, an matse shi da zoben ƙarfe. Idan ya ƙone ya watse, shaf ɗin yana iya zarewa tare da taya da durom ɗin birki gaba ɗaya, motar tana gudu, da mutum goma sha takwas a ciki.

Yanzu sai kukan da ya fi damun mutane, wato siririn “wuuu” da ke tashi da sauka tare da ƙafar direba. Don a gane shi dole a san irin haƙoran da ke cikin ƙoƙon. A tsakiyar shekarun 1920 kamfanin Gleason da ke Rochester a jihar New York ta Amurka ya fito da wani salon yanka haƙora inda finiyon ke shiga kirawul ƙasa da tsakiyarsa, kamfanin motoci na Packard ya fara amfani da shi, daga baya kusan kowa ya bi. Amfaninsa shi ne farfela ta sauka ƙasa, daɓen mota ya sauka, haƙoran kuma suka ƙara ƙarfi da shiru. Kuɗin da aka biya shi ne haƙoran ba birgima kaɗai suke yi a kan juna ba, har da gogayya, ƙarƙashin matsi mai tsanani. Man inji ba ya iya tsayawa a tsakaninsu. Shi ya sa man aksil daban yake, mai lamba GL-5, wanda ake sayarwa da kauri 80W-90 ko 85W-140, kuma warin nan nasa mai hawa kai na sinadarin farar wuta ne da aka zuba masa don ya yi wa ƙarfe riga idan zafi ya yi yawa. Duk wanda ya zuba baƙin mai a aksil don ya fi araha, ya sayi kirawul da finiyon bashi.

Kowane haƙori yana da fuska biyu. Idan an taka totur, finiyon ke tura kirawul ta fuska ɗaya. Idan an ɗaga ƙafa, tayoyi ne ke tura inji, sai nauyi ya koma ɗaya fuskar. Kukan da ke zuwa da taka totur ya ɓace da ɗagawa, yawanci haƙoran ne suka cinye, ko mai ya taɓa ƙarewa a kansu, ko an taɓa kwance su ba a mayar daidai ba. Kukan da ke zuwa sai an ɗaga ƙafa, musamman a gangara, ya fi nuna boris ɗin finiyon sun saki, ko notin da ke riƙe da su ya kwance, finiyon yana zamewa ciki da waje. Bambancin yana da muhimmanci ga aljihu. Boris ɗin finiyon da aka kama da wuri, boris da sil kawai za a saya. Aka bar shi wata biyu, finiyon ya yi ta cizon kirawul a inda bai kamata ba, sai an canza duka. Haƙoran da suka riga suka koyi kuka ba sa dainawa, ko da an gyara zamansu daga baya.

Akwai kuma boris biyu da ke riƙe da kirawul ɗin kansa a hagu da dama. Su nasu gurnani ne mai kauri irin na boris ɗin taya, don gudunsu ɗaya, sai dai karkata sitiyari bai cika sauya shi sosai ba. A nan ne ake buƙatar kunnen bakanike a ƙarƙashin mota.

Kafin a kai ga haka, a buɗe notin mai. Abin mamaki ne yawan motocin da ake canza wa baƙin mai kowane wata amma ba a taɓa leƙa man aksil ɗinsu ba tun da aka sauke su daga jirgi a Kwatano ko Legas. Ƙoƙon yana da noti biyu, na zubawa a gefe, na tsiyayewa a ƙasa. A fara kwance na gefe, domin wanda ya tsiyaye mai sannan ya tarar na zubawa ya ƙi kwancewa, ya tsayar da motarsa da hannunsa. Motar tana tsaye a wuri mai daidai, a tura ɗan yatsa cikin ramin: mai ya kamata ya taɓa bakin ramin daga ƙasa. A fito da yatsan a duba shi a rana. Mai lafiya ruwan zuma ne zuwa ruwan ƙasa, yana da santsi. Wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna ya sha zafi. Wanda ya yi fari-fari ya haɗu da ruwa. Wanda ke ƙyalƙyali da ƙananan ɓurɓushi idan an murza shi tsakanin yatsu biyu, ƙarfen boris ne ko na haƙora yake yawo a ciki. Notin ƙasa yana da maganaɗisu a bakinsa. Laushin toka-toka da ya manne masa ba abin damuwa ba ne, kowane aksil yana yin sa. Amma idan aka ga ɓarɓashi mai kaifi da ke sukan yatsa, ko gutsuren da ake iya ɗauka da farce, to ba sauran tambaya, sai a sauke ƙoƙon.

Ruwa yana shiga ne ta wata 'yar hanyar numfashi da ke saman aksil, wadda yawancin direbobi ba su san da ita ba. Aksil mai zafi idan ya faɗa ruwa mai sanyi, iskar cikinsa tana tsukewa, ta zuƙo ruwan ta nan ko ta bakin sil. Motar da ta ratsa kududdufi har ruwa ya rufe aksil a watan Agusta, a duba manta a wannan makon. Da rani kuma ƙura da laka ke toshe hanyar, zafi ya tara iska a ciki, ta tura mai ta sil ɗin shaf ya jiƙa lainin birki. Duk wanda ya ga bayan tayarsa ya jiƙe da mai, ya canza sil sau biyu bai daina ba, ya sa a wanke wannan 'yar hanya. A motar haya mai lodi, canza man aksil duk bayan kilomita 40,000 bai yi yawa ba, kuma lita biyu zuwa uku ne kawai.

“Gwaf” ɗin da ake ji idan an saka giya, ko an koma ribas, ko an taka totur bayan an ɗaga, sako-sako ne a wani wuri. Mafi yawan lokaci kuros ne, wato gaɓar nan mai hannu huɗu da ke ba farfela damar lanƙwasa yayin da aksil ke hawa da sauka. Kowane hannu yana cikin kofi mai ɗauke da siraran allurai na ƙarfe da giris. Idan giris ya bushe, kuros yana fara da tsuwwa, “ƙyu-ƙyu-ƙyu”, wadda ake ji idan ana tafiya a hankali kusa da katanga, ta ɓace idan an ƙara gudu. A leƙa ƙasa: jan gari kamar tsatsa a bakin kofin shaida ce cewa alluran sun fara niƙewa. A ja birkin hannu, a sa duwatsu a tayoyi, giya a firi, a kama farfela da hannu biyu a murɗa ta gaba da baya, a tura ta sama da ƙasa. Kuros mai lafiya ba ya motsi ko kaɗan tsakanin hannuwansa. Ɗan juyin da ake ji daga cikin ƙoƙo kafin haƙora su kama, wannan dole ne, sai idan ya yi yawa har yana bugu. Kuros ɗin da ke da bakin shan giris, a ba shi duk lokacin da aka canza baƙin mai. Shi ma ba abin wasa ba ne, musamman na gaba: idan ya tsinke a guje, bakin farfela yana faɗuwa ya caki kwalta, yana iya ɗaga bayan mota ko ya tsinka bututun birki. Idan kuros lafiya lau yake amma bugun na nan, a duba notocin da ke ɗaure aksil da sifirin, da bushin ɗin sifirin, da ƙafar giyabos.

Girgizar da ke zuwa a gudun kilomita 70 zuwa 100, ana jin ta a kujera da daɓe, sitiyari kuwa shiru, ita ma farfela ce ake fara tuhuma bayan taya. An daidaita nauyin farfela tun daga masana'anta, har da 'yan ƙananan faranti da aka yi wa walda a jikinta. Faranti ɗaya ya faɗi, ko dutse ya lotsa ta, ko laka ta bushe a gefe guda, sai rawa. Abin da ya fi yawa a garejinmu shi ne a zare farfela don gyaran kuloci a mayar da ita ba yadda take ba. Kunnuwan kuros na gaba da na baya dole su kalli gefe ɗaya, don kowane kuros yana sauri da jinkiri sau biyu a juyi guda, na biyun ne ke goge abin da na farkon ya ɓata. Alli ko fenti kafin a kwance ya isa maganin wannan. Dogayen motoci masu farfela biyu suna da boris a tsakiya cikin zoben roba. Robar ta yage, motar takan yi karkarwa lokacin tashi, musamman da kaya. Lodin da ya danne sifirin har ya miƙe yana canza kusurwar da kuros ke aiki a kai, shi ya sa direban da ke ɗora buhu a kan buhu ba ya rabuwa da sayen kuros.

Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana ta fito ne daga ƙananan giyoyin da ke tsakiyar kirawul, masu ba tayar waje damar ta fi ta ciki gudu. A miƙaƙƙiyar hanya hutawa suke yi. Amma idan aka sa wa aksil ɗaya tayoyi biyu masu girma daban, ko sabuwa da wadda ta suɗe, sai su yi ta aiki daga Kano har Maiduguri, alhali ba a yi su don haka ba. Wasu Hilux da Land Cruiser suna da aksil mai faifan kuloci a ciki, wanda ke hana taya ɗaya zamewa a laka. Irin wannan yana son man da aka rubuta wa LSD. Aka zuba masa na gama-gari sai ya riƙa kakkarwa a kwana, a yi zaton ya lalace, alhali mai ne kawai. Haka kuma mai Hilux da ya manta motarsa a giyar taya huɗu ya hau kwalta, zai ji tana ɗaurewa tana tsalle a kwana. Wannan ba cuta ba ce, ya cire giyar.

Bugun da ke zuwa a kan ƙa'ida, “ƙwas, ƙwas”, yana sauri da gudun mota, sai a auna shi da ƙasa. Idan sau ɗaya ne a kowane mita 2, yana gefen taya: dutse a taya, ko haƙorin kirawul da ya karye. Idan kusan kowane rabin mita ne, haƙorin finiyon ne. Gutsuren da ya karye yana nan cikin mai, kuma ranar da ya shiga tsakanin haƙora, tayoyin baya suna iya kullewa.

Masu Fijo 504 nasu da ɗan bambanci. Motar ta fito a Faransa a 1968, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barinta. A yawancinsu farfelar a cikin bututun ƙarfe take, wanda ya haɗa giyabos da ƙoƙo, don haka ba a ganinta balle a girgiza ta da hannu, kuma bututun yana kai ƙarar baya gaba fiye da na sauran motoci. A wasu salun ɗin, ƙoƙon a ɗaure yake a jikin mota, shaf biyu masu gaɓoɓi cikin rigar roba ne ke kai ƙarfi ga tayoyi. Rigar ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, sai ƙwas-ƙwas. Wagon da akori-kura kuwa aksil guda ne miƙaƙƙe. Tsofaffin bakanikan Kaduna sun san wannan mota ciki da waje, kuma mai ita ya fi samun biyan buƙata a hannunsu.

Idan gwajin hanya ya nuna ɓangaren, bakanike yakan ɗaga bayan motar ya sa a juya tayoyi da inji, ya ɗora dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ƙotar a kunnensa, yana bi daga bakin finiyon zuwa gefen ƙoƙo zuwa bakin kowace taya. Dabara ce mai kyau, inda boris ya lalace ana jin sa yana ƙuza a fili. Amma a nan ne ake rasa rai da yatsu. Motar ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, ba jak ba, ba bulo ba. Tayoyin baya duka biyu su bar ƙasa, domin idan ɗaya ce a sama, tana juyawa ninki biyu na abin da maleji ke nunawa, mai LSD kuma tana iya sauka ta tafi. A tabbatar ba a giyar taya huɗu take ba. Babbar riga da hannun riga mai faɗi su yi nesa da farfela mai juyawa.

Gyaran cikin ƙoƙo shi ne inda na fi ganin ana asarar kuɗi. Kirawul da finiyon tare aka goge su a masana'anta har suka saba da juna, tare kuma ake canza su. Ɗauko ɗaya daga wannan aksil a haɗa da na wancan kuka ne tun ranar farko. Tazarar da ke tsakanin haƙoransu a littafin gyaran Hilux milimita 0.13 zuwa 0.18 ce, kaurin gashi biyu ke nan, ba abin da ake aunawa da ido ba. Bakaniken da ya san aikinsa yana auna ta da agogon awo, sannan ya shafa wa haƙora huɗu ko biyar shuɗin fenti ya juya, ya duba inda ya goge. Tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, to zama ya yi. Ya hau baki ko ya gangara gindi, sai a ƙara ko a rage siririn wosha a bayan finiyon a sake gwadawa, ko sau nawa ne. Notin finiyon kuma yana matse wani ɗan bututu da ke lanƙwashewa sau ɗaya tak, shi ke ba boris matsin da ya dace. Wanda ya zo canza sil kawai, ya sa dogon bututu a sufana ya hau da ƙafa, ya ƙona boris ɗin da bai yi laifin komai ba. Mai mota yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi, “Malam, da me za ka auna?” Idan amsar ita ce “hannuna ya sani”, ya fi masa alheri ya nemi cikakken ƙoƙo na gwanjo a kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa, ya duba haƙoransa da idonsa, ya ƙirga su don ya tabbata lissafinsu ɗaya da nasa. A mota mai jan taya huɗu wannan ƙirga wajibi ce, don na gaba da na baya dole su yi daidai.

Akwai masu cusa giris ko wani mai mai kauri a ƙoƙo don su rufe bakin ƙara kafin su sayar da mota. Wannan ha'inci ne, kuma wanda zai saya ya kare kansa da tafiyar rabin awa da buɗe notin mai. Siririn kukan haƙora wanda bai ƙaruwa, mai kuma yana da tsabta, mota tana iya yin shekara da shi ana lura. Gurnanin boris ɗin taya da ya fara zafi, da kuros mai motsi, da bugun karyayyen haƙori, waɗannan uku ba a ɗaukar fasinja da su. Direba, ka faɗa wa maigidanka a ranar da ka ji. Maigida kuma, idan direbanka ya ce a ajiye mota, ka ajiye ta.